Yadda Za Ka Karanta Mai Jifa a Wasan Besbol: Daga Ƙafarsa Zuwa Yatsunsa

Wanda ya tashi da ƙwallon ƙafa, in ya ci karo da besbol a talabijin, da wuya ya cika minti goma bai canza tasha ba. Sai ka ji yana cewa ai wannan wasan tsayuwa ne, ba gudu ba gumi. Abin da ke jawo haka shi ne idonsa na kan mai sanda, alhali ragamar wasan tana hannun mutumin da ke tsaye bisa ɗan tudu a tsakiyar fili, wato mai jifa. Shi ke fara kowane motsi, shi dokoki suka fi ɗaurewa, kuma in ka iya karanta ƙafarsa da yatsunsa sauran wasan zai warware maka da kansa.

Zan bi dokokin babbar gasar Amurka da Kanada, wato MLB, mai ƙungiyoyi 30. A Jafan da Koriya ta Kudu da Kuba da Jamhuriyar Dominika ma kusan haka ake yi, sai ɗan bambanci nan da can. Ginshiƙin wasan gajere ne: ƙungiya ɗaya na bugu, ɗaya na tsaron fili. In masu tsaro suka fitar da mutum uku sai a yi musanya, kuma haka za a yi har zagaye tara. Ana cin maki ne idan ɗan wasa ya taka zango na ɗaya, na biyu, na uku, ya dawo gida.

Mataki na farko: san tazarar da ake faɗa a kanta

A ƙolin tudun akwai wata farar roba mai tsawon inci 24 da faɗin inci 6. Daga ita zuwa farantin gida, inda mai bugu ke tsayawa, ƙafa 60 ce da inci 6, wato mita 18.44, kuma tun 1893 ba a taɓa wannan awo ba. Jifa mai gudun kilomita 150 a awa yana cinye wannan tazara cikin kusan kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. A cikin wannan ɗan ƙiftawar ido mai bugu zai gane wane irin jifa ne, ina ya dosa, ya yanke shawarar kai sanda ko ya bari.

Tsayin tudun inci 10 ne. A da 15 ne. A 1968 masu jifa suka addabi kowa: Bob Gibson na St. Louis Cardinals ya gama kakar ana cin maki 1.12 kacal a hannunsa cikin kowane zagaye tara, Denny McLain na Detroit Tigers kuma ya ci wasa 31. Shekara na zagayowa aka zaftare tudun. Ka riƙe wannan, domin kusan duk dokar jifa da za ka gani ta samo asali ne daga irin wannan ja-in-ja: in ɓangare ɗaya ya rinjaya, sai a rage masa ƙarfi.

Mataki na biyu: bi ƙidaya kafin ka bi ƙwallo

Faɗin farantin gida inci 17 ne. Ka ƙaddara akwai wani akwati da ba a gani a samansa, daga ƙasan ƙoƙon gwiwar mai bugu zuwa tsakiyar ƙirjinsa. Jifan da ya ratsa akwatin sitiraik ne, ko da ba a kai masa sanda ba. Haka wanda aka kai wa sanda aka kuskure, ko ina ya bi. Wanda ya kauce wa akwatin kuma mai bugu ya ƙyale shi, shi ne bol. Sitiraik uku, mai bugu ya fita. Bol huɗu, ya wuce zango na ɗaya kyauta. In ya buga ƙwallon ya fita bayan layi ana lissafa shi sitiraik, amma ba ya zama na uku, shi ya sa za ka ga mutum ya yi ta tunkuɗe jifa bakwai, takwas, yana gajiyar da mai jifa da gangan.

A kusurwar allon talabijin za ka ga lambobi biyu, misali 3-1. Na farko bol, na biyu sitiraik. Kafin kowane jifa ka dube su ka tambayi kanka wa ke cikin matsi. A 3-1 mai jifa ne, dole ya shigo akwati, mai bugu kuma ya sani, yana jiran jifa mai ƙarfi a miƙe. A 0-2 kuwa mai jifa na da sararin ɓarnatar da jifa biyu ko uku, sai ya wurga wanda zai faɗi ƙasa gaban faranti ko mai bugu zai ruɗu ya bi shi. Ka riƙa yin hasashe da baki kafin ƙwallo ya bar hannu. Ba abin da ke koya wa mutum wasan nan da sauri kamar wannan.

Wata doka da ke ɗaure wa sababbi kai: in mai cafka, wato mai tsaron da ke durƙushe bayan faranti yana karɓar jifa, ya kasa riƙe sitiraik na uku, kuma ba kowa a zango na ɗaya ko an riga an fitar da mutum biyu, mai bugu na iya rugawa zango na ɗaya. In ya riga ƙwallo isa ya tsira. Ta haka mai jifa kan yi wa mutum huɗu sitiraik uku-uku a zagaye guda.

Mataki na uku: zuba wa ƙafafunsa ido

Nan ne zan fi daɗewa, don nan ne dokokin suka fi yawa kuma masu kallo suka fi rikicewa.

Tsayuwa biyu doka ta yarda da su. Idan babu kowa a zango, mai jifa kan fuskanci mai bugu, ya ɗan ja ƙafa ɗaya baya, ya juya ƙafar da ke kan roba, ya ɗaga gwiwa sama, sannan ya yi dogon taku ya saki. Wannan doguwar tsayuwa ce, tana ba shi damar tara ƙarfi a natse. Idan kuwa akwai mai gudu a zango, ba zai yi wannan ba, don kafin ya gama ɗaga gwiwa an sace zango na gaba. Sai ya tsaya a kaikaice, ƙafar baya manne da roba, ya haɗa hannuwansa biyu a gaban ciki ko ƙirji, ya tsaya cak, sannan ya jefa. Wannan tsayawa cak wajibi ce. In ya zarce bai tsaya ba ya yi laifin da ake kira bok, hukuncinsa kuma duk masu gudu su ƙara zango ɗaya. Wanda ke zango na uku ya shiga gida a ci maki ba tare da an buga komai ba.

Ainihin dokar bok guda ce: kada mai jifa ya yaudari mai gudu yana bisa roba. Daga nan rassa suka fito. In ya fara motsin jifa dole ya ƙarasa. In zai wurga wa zango don kama mai gudu, dole ya taka ƙafa wajen zangon kafin ƙwallo ya bar hannunsa. Ba zai yi kamar zai wurga zango na ɗaya ya fasa ba, kuma tun 2013 an hana yin haka ga zango na uku ma. In ƙwallo ya suɓuce masa ya faɗi yana kan roba, bok ne. In ya hau roba ba ƙwallo a hannunsa, bok ne, domin akwai tsohuwar dabarar da mai tsaron zango kan ɓoye ƙwallo a safar hannunsa ya jira mai gudu ya ɗaga ƙafa ya taɓa shi. Mafita ɗaya ce: ya janye ƙafar baya daga roba zuwa baya tukuna. Da ya yi haka ya zama kamar kowane mai tsaron fili, yana iya yin abin da ya ga dama.

Ga abin da za ka nema a gani. Bahago ne a kan tudu, mai gudu na zango na ɗaya. Saboda bahago ne, in ya tsaya a kaikaice fuskarsa na kallon mai gudun kai tsaye. Mai gudu ya ja da taku uku, ya ɗan duƙa, hannuwa a sake, idonsa ba ya kan fuskar mai jifa, yana kan gwiwarsa ta dama. Gwiwar ta tashi sama, ta rataya. A wannan lokacin ba wanda ya san ko gida za ta sauka ko zango na ɗaya. In ƙafar ta ƙetare bayan roba, magana ta ƙare, dole ya jefa gida, mai gudu sai ya ɓalle. In ba ta ƙetare ba, tana iya saukowa wajensa a kama shi yana tsakiya. Irin kallon-kallon nan ne na 'yan dambe biyu kafin ɗaya ya kai hannu. Steve Carlton, bahago ne da ya shahara da kama masu gudu, kuma shi ke riƙe da tarihin yawan bok, har 90, domin a bakin iyakar doka yake aikinsa. A 1988 aka tsananta dokar tsayawa cak, Dave Stewart na Oakland shi kaɗai ya yi bok 16 a kakar.

Akwai masu ganin dokar ta cika ƙaƙale. Ni ina ganin ba don ita ba da satar zango ta mutu, don ba wanda zai yarda ya matsa daga zango in mai jifa na da 'yancin yin ƙarya da jikinsa.

Mataki na huɗu: lura da agogo

Tun 2023 akwai agogo a fili. In ba kowa a zango, daƙiƙa 15 mai jifa ke da su ya fara motsi. In akwai, 20 aka fara da su, aka rage zuwa 18 a 2024. Ya makara, a rubuta masa bol. Mai bugu kuma dole ya shirya saura daƙiƙa 8, in ba haka ba a rubuta masa sitiraik. Sau biyu kawai mai jifa zai sauka daga roba ko ya wurga wa zango a kan mai bugu ɗaya. In ya yi na uku bai kama kowa ba, bok ne. Matsakaicin tsawon wasa ya sauko daga awa 3 da minti 4 a 2022 zuwa awa 2 da minti 40 a 2023, kuma a ganina ba a taɓa yi wa mai kallo gata irin wannan ba.

Sauran ƙananan dokoki ka san su a gurguje. Tun 2020 mai jifan da aka shigo da shi dole ya fuskanci masu bugu uku ko ya kai ƙarshen zagayen. Wanda aka cire ba ya dawowa. In koci ya je tudu sau biyu wurin mai jifa ɗaya a zagaye guda, dole a canza mai jifan. Tun 2017 kuma in ana so a ba mai bugu zango na ɗaya da gangan, koci alama kawai zai yi wa alƙali.

Mataki na biyar: ɗauki ƙwallo a hannunka

Ƙwallon besbol bai wuce giram 142 zuwa 149 ba, fatar saniya ce aka rufe shi da ita, da jan ɗinki 108 da ake yi da hannu. Na MLB kamfanin Rawlings ke ɗinka su a Kosta Rika. Ɗinkin nan shi ne sirrin komai: shi yatsa ke kamawa, shi kuma iska ke karo da shi ta karkatar da ƙwallo.

Fara da jifan gudu, fasbol. Ɗora manuni da yatsan tsakiya a gicciye kan ɗinkin, inda ya yi siffar kofaton doki, da 'yar tazara tsakaninsu. Babban yatsa a ƙasa, daidai tsakiyarsu. Kada ƙwallon ya nutse cikin tafin hannu, ka bar ɗan sarari. Riƙo sassauƙa, ba matsa ba. Tsaya a kaikaice, ɗaga gwiwar gaba zuwa ƙugu, tura jikinka da ƙafar baya, ka taka kai tsaye wajen wanda kake jefa wa. Ƙugu ya fara juyawa, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo a ƙarshe. Bayan ka saki kada ka tsayar da hannun, bar shi ya zarce har gefen gwiwar ɗaya ƙafar. Ƙarfin jifa daga cinya da ƙugu yake tasowa. Mafi gudun da aka taɓa aunawa a MLB na Aroldis Chapman ne, ɗan Kuba, mil 105.8 a awa, kimanin kilomita 170, a watan Satumba na 2010.

Na biyu da ya kamata ka koya shi ne jifan yaudara, cenjof. Ka tura ƙwallon cikin tafin hannu, ka riƙe da yatsu uku, ka jefa da motsi iri ɗaya sak da na jifan gudu. Hannu na gudu yadda ya saba, ƙwallo kuma ya iso a makare, sai mai bugu ya kai sanda tun bai iso ba. Kuskuren masu koyo shi ne rage gudun hannu, kuma mai bugu na ganin haka daga nesa.

Sauran ka fara da gane su a allo. Mai lanƙwasa, kobbol, yana tasowa kamar zai wuce sama sai ya rufto ƙasa. Silaida ta fi shi gudu, tana zamewa gefe. Kota kamar jifan gudu take, sai dab da faranti ta ɗan goce. Da ita kusan kaɗai Mariano Rivera, ɗan Fanama, ya rufe wa New York Yankees wasa 652, wato ya shigo a ƙarshen wasa ya kare nasararsu, yana karya sandunan mutane. Mafi ban mamaki shi ne nokulbol, wanda ake tokarewa da farce a tura shi ba juyi, iska ta yi ta wasa da shi har mai cafka ma bai san inda zai sauka ba. Phil Niekro ya ci wasa 318 da shi, R.A. Dickey kuma ya karɓi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa a 2012.

Mataki na shida: san abin da aka hana shafawa

Yawu ko maiko a gefe ɗaya na ƙwallo yana sa shi faɗuwa ba zato. An haramta wannan a 1920, aka bar mutum 17 da suka dogara da shi su ƙarasa zamaninsu. Na ƙarshensu, Burleigh Grimes, ya yi ritaya a 1934. A watan Agustan 1920 ɗin ne jifan Carl Mays ya sami Ray Chapman na Cleveland a ka, ya rasu washegari. Bayan haka aka dage da canza ƙwallo da zarar ya yi datti, don mai bugu ya riƙa ganinsa.

Yau mai jifa na iya lasar yatsa in ba ya kan roba, amma sai ya goge kafin ya taɓa ƙwallo. An yarda ya taɓa ƙullin garin ƙaro da ke ajiye bayan tudu don busar da gumi. Safar hannunsa ba za ta zama fara ko ruwan toka ba, kada ƙwallo ya saje da ita. Masu maguɗi ba su ƙare ba: a 1987 alƙalai suka sa Joe Niekro ya zazzage aljihu, sai ga abin goge farce ya faɗo ƙasa a gaban kyamara. Tun Yunin 2021 alƙalai ke duba hannun masu jifa tsakanin zagaye, wanda aka kama da abu mai danƙo dakatarwar wasa 10 ce. Duk da haka kowane sabon ƙwallo sai an murza shi da wani taɓo na musamman da ake haƙowa a jihar New Jersey, a yankin kogin Delaware, don a kashe santsinsa kafin wasa.

Mataki na bakwai: kalli mai cafka

Shi ke durƙushe bayan faranti, kuma galibi shi ke zaɓen jifa. A al'ada yatsa ɗaya tsakanin cinyoyi na nufin jifan gudu, biyu mai lanƙwasa. In mai jifa ya girgiza kai, bai yarda ba ke nan. Bayan da aka gano Houston Astros sun yi amfani da kyamara a 2017 suna satar alamun, suna dukan garwar shara don sanar da mai bugunsu, an kawo na'urar PitchCom a 2022: mai cafka ya danna maɓalli, mai jifa ya ji murya a cikin hularsa. Abin da ya rage maka shi ne inda ya ajiye safar hannunsa kafin jifa. In ƙwallo ya zo safar ba ta motsa ba, mai jifa na kan ganiyarsa. In tana ta tsalle hagu da dama, ya fara gajiya, ka duba za ka ga wani ya fara ɗumama hannu a gefen fili.

Halaye da camfe-camfe

Kaka ɗaya wasa 162 ce, kusan kullum, kuma mutanen da ke rayuwa haka sukan ƙirƙiro wa kansu al'adu. Da yawa ba sa taka farin layi in za su shiga fili, tsallake shi suke. Turk Wendell yakan tauna baƙar alewa yana jifa, ya goge haƙora tsakanin zagaye. Mark Fidrych na Detroit a 1976 yakan durƙusa ya gyara ƙasar tudu da hannu, ana ganinsa yana yi wa ƙwallo magana. Wade Boggs, mai bugu, kaza yake ci kafin kowane wasa. Hideo Nomo, da ya zo Los Angeles Dodgers daga Jafan a 1995, yakan juya har mai bugu ya ga lambar bayansa kafin ya saki. In mai jifa ya kai zagaye na shida ko na bakwai ba wanda ya buga masa ya tsira, za ka gan shi zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, abokansa sun guje shi, ba mai ambaton abin da ke faruwa. Nolan Ryan ya kammala irin wannan wasa sau 7. Jim Abbott, wanda aka haifa ba tafin hannun dama, ya yi nasa a Satumban 1993: yana jefawa da hagu, ya zura hannun cikin safar da ya ɗora a dungulmin dama kafin ƙwallo ya dawo. Pat Venditte kuwa da hannu biyu yake jifa, har a 2008 sai da aka kafa doka cewa mai jifa ya fara nuna hannun da zai yi amfani da shi kafin mai bugu ya zaɓi gefe.

In yara za ka koya wa

Jifa ta saman kafaɗa yana cin jijiyar cikin gwiwar hannu. A 1974 likita Frank Jobe ya ɗauko jijiya daga ɗaya hannun mai jifa Tommy John ya dasa masa a gwiwar hannun da yake jifa da shi, kuma yau wannan aiki ya zama ruwan dare har ga matasa, galibi saboda haukan neman gudu. A Jafan an yi ta jinjina wa Daisuke Matsuzaka da ya yi jifa 250 a wasa ɗaya na 'yan sakandare a filin wasa na Koshien a 1998, amma ni ban ga abin koyi a nan ba. Ƙa'idar Little League, gasar besbol ta yara, ta fi hankali: ɗan shekara 9 zuwa 10 kada ya wuce jifa 75 a rana, ɗan 11 zuwa 12 kada ya wuce 85, kuma yaron da ya kai 66 ya huta kwana huɗu. Ka sa wani ya riƙa ƙirgawa a takarda. Yaro ya ƙware a jifan gudu da na yaudara kafin a nuna masa mai lanƙwasa, kuma da ya ce gwiwar hannu ko kafaɗa na ciwo a karɓe ƙwallon nan take.

Ga mai son fara kallo daga Kano ko Maraɗi, kakar na farawa ƙarshen Maris ta kai Oktoba. Wasan ƙarfe bakwai na yamma a New York sha biyun dare ne a nan, don haka ka nemi na ranar Lahadi da ake farawa ƙarfe ɗaya na rana a can, wato shida na yamma agogonmu. Zaɓi mai jifa ɗaya ka bi shi zagaye uku, kana rubuta ƙidaya da hasashenka kafin kowane jifa.